Yadda Za Ka Sanyaya ko Ɗumama Gidanka Bisa Yanayin Waje, Ba Tare da Ƙara wa Duniya Zafi Ba

Akasarinmu idan zafi ya dame mu, rimot muke nema kafin mu leƙa taga. Idan sanyi ne, hita muke kunnawa ba tare da duba ta ina iskar ke shigowa ba. Alhali duk aikin da waɗannan na'urori ke yi guda ɗaya ne: cike giɓin da ke tsakanin yanayin waje da wanda kake so a cikin ɗaki. Iya faɗin giɓin, iya wutar da za ka sha, iya kuma hayaƙin da za a fitar a tashar da ke samar maka da ita. Wanda bai san yanayin ƙofar gidansa ba, ba zai san yawan aikin da yake ɗora wa na'urarsa ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya baki ɗaya, kuma na'urorin AC da yawansu ya kai biliyan 1.6 a lokacin za su iya kai biliyan 5.6 nan da 2050. Ɗumama gine-gine ma ya fi haka nauyi: yana fitar da kimanin tan biliyan 4 na iskar kabon a shekara. Shekarar 2024 kuwa ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, inda ta ɗara zafin da aka sani kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.5. Zafi na ƙaruwa, muna ƙara kunna na'ura, na'ura na ƙara zafin. Ba ina cewa mutum ya zauna yana dahuwa ko yana rawar ɗari don kare duniya ba, lafiya uwar jiki ce. Abin da nake so a gane shi ne akwai tsari, kuma a wannan tsarin na'ura ce ta ƙarshe.

Mataki na farko: karanci yanayin inda kake

Sami ma'aunin zafi guda biyu, irin masu nuna laima, wato damshin iska, a gefe. Ɗaya ka ajiye a ɗakin da ka fi zama, nesa da taga da murhu. Ɗayan ka rataye a waje, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kada ya jingina da bangon da rana ke duka, domin bangon zai auna maka ba iskar ba. Hasashen da waya ke nuna maka yana da amfani, amma sau da yawa daga tashar da ke filin jirgi ko bayan gari aka ɗauko shi. Tsakiyar birni, inda kwalta da kankare ke shan rana yini guda su amayar da ita da dare, kan fi wajen gari zafi da digiri da dama.

Na tsawon mako biyu, rubuta abin da ma'aunan biyu suka nuna da asuba, da misalin ƙarfe uku na rana, da lokacin kwanciya. Iska ta fi sanyi dab da fitowar rana, ta fi zafi kuma ba da tsakar rana ba, sai can bayan ta karkata. Abu uku kake nema a wannan rubutu.

Na ɗaya, tazarar dare da rana. Idan rana na kai 36 amma asuba na sauka 21, kana da na'urar sanyaya ta kyauta a kowane dare, sai dai ka koyi amfani da ita. Idan kuwa daren bai sauka ƙasa da 28 ba, dabararka dole ta bambanta.

Na biyu, laima. Jikin mutum da gumi yake sanyaya kansa, kuma gumi ba ya aiki sai ya bushe. A busasshiyar iska digiri 32 abin jurewa ne a inuwa. A iskar da laimarta ta haura kashi 70, digiri 29 ma kan sa riga ta manne a jiki, barci ya gagara. Tun asali ma laima ce ta haifar da AC: Willis Carrier ya ƙera na'urarsa a 1902 ne domin wata maɗaba'a a Brooklyn da ke Amurka, inda damshi ke kumbura takarda yana ɓata launin ɗab'i. Idan manhajar wayarka na nuna matakin raɓa, wato zafin da idan iska ta sauko gare shi za ta fara zubar da ruwanta, ka riƙa duba shi. Ƙasa da digiri 15 iska ba ta da nauyi, sama da 20 kuwa ta fara gumi.

Na uku, lokacin da waje ya fi ciki sanyi, ko ciki ya fi waje. Wannan lokacin shi ke faɗa maka yaushe za ka buɗe taga, yaushe za ka rufe.

Akwai wani ɗan lissafi da injiniyoyi ke yi wanda kai ma za ka iya. Haɗa mafi zafin yini da mafi sanyinsa, ka raba biyu, ka kwatanta da 18, wato matakin da ake ɗauka cewa ba a bukatar sanyaya ko ɗumama ɗaki. Ranar da ta kai 34 ta sauka 24, matsakaicinta 29, wato ta ɗara da 11. Ranar da matsakaicinta 8 ne ta gaza da 10. Idan ka tara waɗannan lambobi na wata guda ka ajiye kusa da abin da mitarka ta ci, za ka iya bambance watan da wuta ta ƙaru saboda yanayi da watan da ta ƙaru saboda sakaci.

Mataki na biyu: tare zafi tun daga waje

A nan ya kamata a fi ɓata lokaci da kuɗi, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Fara da rufi, musamman idan gidan ba bene ba ne ko kana hawa na ƙarshe. Rufin kwano ko kankare mai duhun launi kan haura digiri 60 a tsakar rana, sannan ya riƙa sauke wannan zafin a kanka har bayan faɗuwar rana. Ɗora tafin hannunka a silin da ƙarfe huɗu na yamma. Idan ka ji shi da ɗumi, to ka gano babbar ƙofar da zafi ke shigowa. Farin fenti mai mayar da hasken rana na iya rage zafin saman rufi da digiri 20 ko fiye. A birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya fara shirin yaƙi da tsananin zafi a 2013, an shafa wa dubban rufin talakawa irin wannan fenti, kuma zafin ɗakunan ya ragu da digiri 2 zuwa 5. Sai dai ƙura na rage masa ƙarfi, don haka yana son wanki lokaci zuwa lokaci. Abin da ya fi fenti ɗorewa shi ne shimfiɗar hana zafi ratsawa da ake sawa tsakanin rufi da silin, domin ita aiki biyu take yi: ta hana zafi shiga a bazara, ta hana ɗumi fita a hunturu. Ka bar kuma kafofin da iska mai zafi za ta fice daga ƙarƙashin rufin.

Sai tagogi. Hasken rana idan ya ratsa gilashi ya sauka a ƙasa ko kujera, ya riga ya zama zafi a cikin ɗakin, labule ba zai iya mayar da shi duka ba. Shi ya sa inuwar waje ta fi labulen ciki nesa ba kusa ba: rumfa, ko asabari da aka rataye ta waje, ko bishiya, ko tsiro mai hawa. Tagogin gabas da yamma su ne matsala, don rana na shigarsu a kwance. Ta yamma ta fi muni, saboda tana karɓar rana daidai lokacin da iskar waje ta fi zafi. Idan taga ɗaya kawai za ka iya yi wa inuwa, yi wa ta yamma.

A wuraren sanyi lissafin na juyawa. Can rana abokiya ce: a arewacin duniya tagar da ke kallon kudu ita ke shigo da ɗumin rana a hunturu, a kudancin duniya kuma mai kallon arewa. A buɗe labulenta da rana, a ja mai kauri da magariba. Bishiyar da ke zubar da ganye a lokacin sanyi ta dace da irin wannan taga, tana ba da inuwa lokacin zafi tana kuma sakin rana lokacin da ake bukatarta.

Daga nan sai toshe kafofi. Da dare kashe fitilar ɗakin, ka bar ta waje a kunne, ka duba ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Duk inda haske ya ratso, iska ma na ratsowa. Duba kuma ramin da aka huda a bango don bututun AC, masu haɗawa kan bar shi a buɗe. Sanyaya ko ɗumama ɗakin da ke yoyo kamar ɗibar ruwa ne a kwando. Gargaɗi guda: ɗakin da ake kunna wuta ko gas a ciki ba a toshe shi ruf, zan dawo kan wannan.

Kada ka manta da zafin da kai kake ƙirƙira a ciki. Kwan fitila irin na da yana mayar da kusan kashi 90 na wutarsa zafi, ba haske ba. Guga da girki da gashi, idan za su yiwu da safe ko da dare, a kai su can.

Mataki na uku: yi amfani da iskar dare da fanka

Idan rubutunka ya nuna dare na yin sanyi, ga yadda ake yi. Da zarar ma'aunin waje ya sauka ƙasa da na ciki, buɗe tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Idan iska ba ta motsi, sa fanka a bakin taga ɗaya tana kallon waje, za ta tura mai zafin ta jawo mai sanyi ta ɗayar. Bango da ƙasa za su sha sanyin nan su riƙe. Da hantsi, kafin waje ya zarce ciki, rufe komai ka ja labule. Mutane da yawa na barin taga a buɗe da rana tsaka suna neman iska, alhali zafi suke gayyatowa. Ma'aunan nan biyu za su raba gardama.

Fanka ba ta rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya, jikinka take sanyayawa ta hanyar busar da gumi. Saboda haka barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce. Amma inda mutum yake, babu abin da ya kai ta araha: fankar silin na cin kimanin wat 50 zuwa 75, yayin da ƙaramar AC ke cin wajen wat 1,000. Tana da iyaka dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafin iska ya haura digiri 40, fanka na iya ƙara wa jiki zafi maimakon ragewa. A irin wannan hali jiƙa fata da tufafi, sha ruwa, ka nemi wuri mai sanyi, kuma a fi sa ido kan tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya.

Na'urar sanyaya da ke aiki da ruwa tana da kyau ƙwarai a busasshen yanayi, kuma ba ta cin wuta sosai, muddin an bar taga a ɗan buɗe. A yanayi mai laima kuwa damshi kawai za ta ƙara maka.

Mataki na huɗu: idan lokacin AC ya yi

Akwai darare da babu dabarar da za ta wadatar, kuma babu laifi a kunna ta. Yadda ake kunnawar ne abin dubawa.

Saita ta tsakanin 25 da 27, ka haɗa da fanka. Danna ta zuwa 16 ba ya sa ɗakin saurin yin sanyi, yana hana kwamfreso hutawa ne kawai, har ka ƙare da neman bargo. Idan waje na 34, saitin 26 giɓin digiri 8 ne, saitin 18 kuwa giɓin 16, ninki biyu. Hukumomin Indiya sun ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara na rage wuta da kusan kashi 6, har suka wajabta a 2020 cewa sababbin na'urori su zo a saite kan 24. Japan tun 2005 take ƙarfafa ofisoshi su tsaya kan 28 ma'aikata su sassauta sutura. Ranar da zafin bai yi yawa ba amma laima ta yi nauyi, gwada saitin busar da iska, mai alamar ɗigon ruwa a rimot.

Buɗe murfin gaba ka ciro rariyar iskar duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Za ka tarar da ƙura ta yi mata kauri har ba a ganin haske ta cikinta. Wanke ta da ruwa, ta bushe sarai, ka mayar. Wannan kaɗai na iya rage wuta da kashi 5 zuwa 15. Injin waje kuma yana son inuwa da sarari, kada a kewaye shi da kaya ko a cusa shi a lungun da zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Shi wannan zafin ba ɓacewa yake yi ba, titi yake komawa. Wani bincike a birnin Phoenix na Amurka ya nuna zafin da na'urorin ke fitarwa na ƙara wa iskar dare fiye da digiri 1 a wasu unguwanni, kuma maƙwabcin da ba shi da AC shi ke kwana a ciki.

Ga wani ɓangaren da ba a cika magana a kai ba: gas ɗin da ke cikin na'urar. AC mai lafiya ba ta shan gas, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Idan duk shekara sai an ƙara maka, yoyo ne, kuma a nemo shi a toshe kafin a ƙara. Kilo ɗaya na gas ɗin da ake kira R-410A idan ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 2,000 na iskar kabon. R-22 na tsofaffin na'urori ya kusa haka, ga kuma lahani ga lemar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. R-32 bai kai sulusin R-410A ba, R-290 kuwa kusan babu komai, sai dai yana kama wuta, don haka sai ƙwararre ya haɗa. Saboda wannan ne ƙasashe suka amince a birnin Kigali na Ruwanda a 2016 su rage irin waɗannan gas da fiye da kashi 80, ƙari kan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kare lemar ozon. Idan za a cire ko a sauya wa na'ura wuri, ka tsaya a kan mai gyara ya tattara gas ɗin cikin injin waje ko silinda. Sautin huci da kake ji idan an kwance bututu a gaggauce, gas ne ke tafiya sama.

Wajen sayen sabuwa, duba takardar ingancin wuta da ke manne, ka fifita mai inbata, wadda ke rage gudu maimakon kashewa da kunnawa. Kada ka sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin da tunanin babba ta fi kyau: za ta sanyaya iska da sauri ta tsaya kafin ta cire laima, ɗakin ya yi sanyi amma da damshi.

Mataki na biyar: ɗumama

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi, tsofaffi da yara da marasa lafiya kuma suna bukatar fiye da haka. Tsakanin 18 da 21 ya wadatar da mai lafiya da ya sa rigar sanyi. Ɗumama ɗakin da ake ciki, ka rufe sauran, ka kuma rage saitin lokacin barci ko fita. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce rage digiri 4 zuwa 6 na awa takwas a kullum na iya rage kusan kashi 10 na abin da ake kashewa a shekara.

Hitar lantarki mai jan ƙarfe tana ba ka zafi daidai da wutar da ta ci, ɗaya bisa ɗaya. Na'urar jawo zafi kuwa, wadda a zahiri AC ce da ke aiki a juye, tana kwaso ɗumi daga iskar waje ta shigo da shi, ta ba ka ninki uku ko huɗu na wutar da ta ci. Kada a ɗauka sai a yanayi mai sauƙi take aiki: a Norway, duk da ƙanƙararta, kusan gida shida cikin goma da ita suke ɗumama. Duba rimot ɗinka, idan akwai alamar rana, wataƙila ka riga ka mallake ta. Idan kuma gado kawai ake son ɗumamawa, bargon lantarki ko gorar ruwan zafi sun fi ɗumama ɗaki duka sauƙi.

Mai ɗumama da itace ya yi amfani da busasshe sarai, a murhu mai bututun fitar da hayaƙi. Ɗanyen itace hayaƙi yake bayarwa fiye da zafi. Gawayi kuwa, don Allah kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, haka ma hitar gas ko kananzir, haka janareta a baranda kusa da taga. Gubar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya farkawa. Duk gidan da ake ƙona wani abu a ciki ya kamata ya sami ƙararrawar gano wannan guba, da kafar iska da ba a taɓa toshewa.

Mataki na shida: auna nauyin da kake ɗorawa

Duba wat ɗin da aka rubuta a jikin na'ura, ka ninka da awannin aiki, ka raba da 1,000, ka sami yunit na wuta. AC mai wat 1,000 da ta yi awa takwas ba hutu ta ci yunit 8. Fanka mai wat 60 a daidai wannan lokaci ba ta kai rabin yunit ba. Hayaƙin kowane yunit ya danganta da inda wutar ta fito: na kwal kusan kilo 1, na gas kusan rabin haka, na ruwa da rana da iska ɗan kaɗan. Idan ka ɗauki rabin kilo, daren AC ɗin nan kilo 4 ne, kuma kilo ɗaya na R-410A da ya zube ya yi daidai da irin waɗannan darare kimanin 500. Mai janareta ya lissafa da mai: litar fetur na fitar da kimanin kilo 2.3, ta dizal 2.7.

Lokacin sha ma yana da tasiri. Da yamma, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna na'ura, ake tayar da tashoshin da suka fi hayaƙi domin cike giɓi. Mai farantai masu zuƙar hasken rana zai iya sanyaya ɗaki tun da la'asar, ya rufe shi, sannan ya koma fanka da dare.

Kada ka sauya komai a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Karanta mita yau da dare da gobe a daidai wannan lokaci, ka yi haka na mako guda. Sai ka canza abu ɗaya, misali ka ɗaga saiti da digiri biyu ka haɗa da fanka, ko ka yi wa tagar yamma inuwa, ka sake karantawa na wani makon. Kwatanta ranakun da lissafin matsakaicin zafinsu ya yi kusa da juna kawai, domin ranar hadari ba a gwada ta da ranar da rana ta ƙwalle. Wanda ya rage yunit, ka riƙe shi ka wuce na gaba. Mai haya da ba shi da ikon taɓa rufi ya fara da asabarin taga, rariyar AC, da ƙarƙashin ƙofa, sannan ya kai wa mai gidan lambobin da ya rubuta idan zai nemi a yi wa rufin fenti.